Yadda Ake Jagorantar Ziyarar Ƙafa Zuwa Hubbaren Gwandu da Makwancin Sarakunan Kabi

Shekarar farko da na kwashi ɗalibai daga Birnin Kebbi zuwa Gwandu, na tafi da takardu cike da shekaru da sunayen yaƙe-yaƙe. Muna shiga hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na tsaya gaban yara na buɗe murya irin ta aji. Ban kai ko yaƙin Alwasa ba, sai wani dattijo cikin masu kula da wurin ya matso, ya dafa mini hannu, ya yi ƙasa da murya yadda yaran ba za su ji ba, ya ce: "Malam, wurin ga sallama aka yi da addu'a. In kun hita, ka karantar da su." Na yi shiru. Muka yi sallama, muka yi addu'a, muka fito, na ƙarasa bayanina a gindin dogon yaro. Abin da na lura da shi ranar, yaran sun fi kasa kunne bayan mun fito, domin sun riga sun tsaya a kan mutumin da ake ba su labarinsa.

Tun daga ranar na riƙe tsari guda: magana kaɗan kafin shiga, shiru da addu'a a ciki, tarihi mai yawa bayan an fito. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan tsarin ya ginu. Na rubuta shi ne domin malamin makaranta, da shugaban ƙungiyar ɗalibai, da ɗan gari wanda baƙi suka sauka wurinsa suka ce ya kai su ziyara.

Fara zuwa kai kaɗai

Abu na farko da ke rikita baƙi shi ne wurin kansa. Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune, can fadarsa take, amma hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana cikin garin Gwandu, gabas da Birnin Kebbi, garin da yau yake hedikwatar ƙaramar hukuma. Na sha ganin baƙo daga Kano ko Zariya ya sauka Birnin Kebbi yana neman hubbare a bayan fada. Saboda haka tafiyar kashi biyu ce: mota tukuna, sannan ƙafa.

Kamar mako guda kafin ranar, ka je da kanka. Da ɗan gari akan ci gari. Ka fara da masu kula da hubbaren, ka gaishe su gaisuwa ta nutsuwa, ka faɗi ko kai wane ne da irin mutanen da za ka kawo. In taron mai yawa ne, ko makaranta ce za ta zo da mota cike, ka biya ta ƙofar hakimi da takarda daga shugaban makarantarku. Ba a shiga garin mutane da ayari ba tare da manyansa sun sani ba.

Ka tambayi masu kula da wurin abubuwan da littafi ba zai gaya maka ba: wane lokaci ne wurin ya fi sarari, ina ake ajiye takalma, ina ake alwala, ina mata ke tsayawa, an yarda a ɗauki hoto ko ba a yarda ba. Sannan ka roƙi ɗayansu ya kasance shi zai nuna kaburbura ranar, ya ce wannan na wane ne, wancan na wane ne. Wannan kada ka karɓe shi daga hannunsu ko da kana ganin ka sani. Kai ka karanta littafi, shi kuwa a wurin ya tsufa, kuma babu abin da ya kai nuna kabarin wani da sunan wani muni a bakin mai jagora.

Daga nan ka taka hanyar da ƙafarka, tun daga inda mota za ta tsaya har ƙofar hubbare, kana duba agogo. Abin da ya ɗauke ka minti goma zai ɗauki ayari minti ashirin. Kana tafe kana lura da inuwa, domin inuwa ce ajinka. Ka zaɓi wuri uku da mutum ashirin za su iya tsayawa ba tare da sun tare wa masu babur da masu jakuna hanya ba.

Lokaci, kaya da yawan mutane

Hunturu ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kabi yakan haura digiri 40, kuma ka tuna za a cire takalma. Daɓen da rana ta gasa tun hantsi ba ya takuwa da tafin ƙafar yaro. Za ka ga suna ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya, hankalinsu ya bar addu'a ya koma ƙasa. In dole ce ta sa za ku je a bazara, ku isa da sassafe, kowa ya zo da safa. Damina kuma tana da nata: ciyawa ta rufe hanyoyin makabarta, ƙasa ta yi laushi, tsohon kabari yana iya ruftawa da mutum, ga macizai da kunamu. A kowane lokaci dai ku yi ƙoƙari ku gama kafin azahar, ku yi salla a gari, ku kama hanya da sauran rana. Ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya a daren tafiya, kada ka dogara da labarin makon jiya.

Kaya ba su da yawa: ruwan sha isasshe, buta biyu ko uku, tabarma saboda dattawa, babbar leda ta zuba shara, da takarda mai sunayen duk wanda ya shiga mota tare da lambar wani nasa. Lasifika ka bar ta gida. Sutura ta zama irin wadda mutum zai shiga masallacin Juma'a da ita.

Mutum goma sha biyar zuwa ashirin su ne iyakar abin da murya ɗaya za ta riƙe ba tare da ihu ba. In sun fi haka ka raba su biyu, kashi ɗaya ya shiga, ɗaya ya jira a inuwa da wani malami. Ka sa babba ɗaya a gaba, ɗaya a can baya.

Maganar mata kuwa a gama ta tun a gida. Malamai sun saɓa a kan ziyarar mata ga kaburbura, wasu sun halatta da sharuɗɗa, wasu sun hana. Bakin ƙofar hubbare ba wurin warware wannan ba ne. Ka ji tsarin masu kula da wurin, ka ji ra'ayin iyaye, in ɗalibai mata za su je ka tafi da malama, kuma ka tabbata duk wadda ta tsaya a waje ba ta rasa darasin ba, tunda dama darasin a waje za a yi shi. Haka baƙon da ba Musulmi ba: ka nemi izini dominsa tun zuwanka na farko, ka gaya masa inda zai tsaya.

Zango na farko: inda aka sauka daga mota

Minti biyar sun isa. Ka gaya musu inda suke tsaye. Ana cewa sunan garin daga "gandu" ya fito, wato gonar sarauta tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. A 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka sauka nan, lokacin Sakkwato ba ta zama birni ba tukuna, kuma daga nan aka riƙa tafiyar da al'amuran jihadi na wasu shekaru kafin Shehu ya koma Sifawa. Ka faɗi sunan wanda za a ziyarta, ka ce ƙanin Shehu ne, malami ne, shugaban yaƙi ne, sauran sai an fito. Ka bar su da ƙishin labarin. Sannan ku taka a hankali, kuna yi wa mutanen da ke zaune a ƙofar gidajensu sallama. Yara suna koyon ladabin ziyara tun daga yadda suka ga ka gaida mai sayar da rake a bakin hanya.

Zango na biyu: bakin ƙofa

Nan ne aikinka ya fi nauyi, kuma nan ne masu jagora da yawa ke gaggawa. Ka tsayar da kowa, a kashe ƙarar waya, wanda ba shi da alwala ya yi. Ka tuna musu dalilin zuwa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya kasance ya hana ziyarar kaburbura, to yanzu a ziyarce su. Amfaninta biyu ne, mai rai ya tuna lahira, mamaci ya samu addu'a.

Ka biya musu sallamar da ta zo a hadisi, su maimaita sau biyu ko uku har ta zauna a baki:

"Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimina, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙuna, nas'alullaha lana wa lakumul afiya."

Ka fassara musu: aminci ya tabbata a gare ku ma'abota waɗannan gidaje, muminai da musulmi, mu ma in Allah ya so masu riskar ku ne, muna roƙa wa kanmu da ku lafiya wurin Allah. Na ga yadda fuskar yaro ke sauyawa in ya gane cewa "masu riskar ku ne" da shi ake.

Sai hane-hane, ka faɗe su a fili ba tare da kwana-kwana ba. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a jingina da shi. Hadisi ya nuna zama a kan garwashi ya fi wa mutum sauƙi da zama a kan kabari. Ba a salla ana fuskantar kabari, ba a sujada. Ba a ɗibar ƙasar wurin a ƙulle a gefen riga. In wani ya ce ai neman albarka ne, ka gaya masa Shehu Usmanu da kansa ya lissafa shafar kabari da ɗibar ƙasarsa cikin bidi'o'in da ya yi rubutu a kansu. Wannan hujja ta fi kowace shiga a wurin nan, domin daga gidan ta fito.

Ka sani kuma a mota guda za ka ɗauko ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, kowanne da abin da ya ji a gida game da tawassuli da ziyarar waliyyai. Ba a ɗauko ka alƙalanci ba. Ka tsayar da ayarinka a kan abin da kowa ya yarda da shi, sallama da roƙa wa mamaci gafara. In kun tarar da wasu maziyarta suna abin da ba ka yarda da shi ba, kada ka ɗaga murya, kada ka bar ɗalibanka su yi nuni ko dariya. In tambaya ta taso, a amsa ta a inuwa.

A ciki

Ku shiga a jere, mai kula da wurin yana gaba. Shi zai nuna, kai ka yi shiru. Ku yi sallama, ku yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, sannan ka ba su ɗan lokaci ba mai cewa komai. Minti goma sun wadatar. Ko an yarda da hoto, ni ina hana ɗalibaina juya wa kabari baya su ɗauki fuskarsu suna murmushi. In ana son hoton tunawa, a yi shi a waje bayan an gama.

Sadaka kuma a tara ta tun a mota, a damƙa wa mafi girman shekaru a cikinku, shi ya miƙa wa masu kula da wurin a waje cikin sirri. Ciro kuɗi ɗaya bayan ɗaya a gaban kabari yana mayar da wurin kamar kasuwa, ya kuma kunyata ɗalibin da bai zo da komai ba.

Zango na uku: inuwa, inda za ka saki labari

A shimfiɗa tabarma, a sha ruwa, sannan ka fara. Kada ka karanto daga takarda. Ka ba da shi kamar yadda kaka ke ba da labarin wanda ta sani.

An haifi Malam Abdullahi wajen 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. A hannun wansa ya yi karatu mai yawa, kuma su biyun sun ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya bi Shehu yawon wa'azi cikin Zamfara da Kabi tun yana saurayi. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ya fara yi wa Shehu mubaya'a, kuma shi ya ja rundunar da ta karya ta Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto cikin wannan shekarar. A 1805 ya ci Birnin Kebbi. Kafin shekarar ta fita aka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, a nan aka tsaya aka mayar da su. In ka zo nan ka nuna musu garin da hannu, ka ce a wannan wurin ne abin ya kusa ƙarewa.

Akwai gaɓar da nake daɗewa a kanta fiye da duk yaƙe-yaƙen, kuma ina roƙon kowane mai jagora kada ya tsallake ta. Ana tsakiyar samun nasara, Malam Abdullahi ya duba ya ga zukatan mutane da yawa sun karkata ga ganima da mulki da tara dukiya, abin da aka fito dominsa yana dusashewa. Sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, suka ce ya koya musu yadda ake hukunci da shari'a. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya komo. Ka tsaya a nan ka tambayi ɗalibai: me zai sa mutum ya juya wa nasara baya? Ka bar su su yi ta kawo amsa. Sau da yawa wannan tattaunawar ce suke tunawa bayan sun manta shekarun.

Sannan ka ci gaba. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Muhammadu Bello. Shi ya sa ƙasashe irin su Nupe da Ilori da Yawuri suka kasance suna bin Gwandu. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, aka samu 'yar tsama tsakanin baffa da ɗan wansa. Kada ka ɓoye wannan, ɗalibai za su karanta shi wata rana su ce ka rufe musu. Ka faɗe shi tare da ƙarshensa: lokacin da mutanen garin Kalambaina suka yi tawaye Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, suka haɗu, Abdullahi ya yi masa mubaya'a, zumunci ya koma.

In kana da hali ka zo da littafinsa ko guda ɗaya a jaka, juzu'i daga tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ko Tazyinul Waraƙati inda ya tattara waƙoƙinsa da labarin abin da ya gani da idonsa. Ka miƙa ya zaga hannu-hannu. Yaron da ya fito daga kabarin mutum, sannan aka ɗora masa littafin mutumin a tafin hannu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan darajar ilmi.

Game da shekarar rasuwarsa, za ka ga wasu littattafai sun ce 1828, wasu 1829. Ka faɗa musu haka yadda yake, ka bayyana cewa irin wannan saɓani yakan zo ne wajen mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, tunda shekarar Hijira guda takan ratsa biyu. Kuma duk tambayar da ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika, ka rubuta ta a gabansu. Mai jagora da ya ƙirƙiro shekara don kada a ga gazawarsa ya ci amanar mamaci da mai rai gaba ɗaya.

In lokaci ya rage ka taɓo 'ya'yansa da suka gaje shi, musamman Halilu wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858. A zamaninsa ne, cikin 1853, Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu, kuma a garin nan ya samu kwafin Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya daga ciki. Ina son faɗin wannan domin yara su san littafin tarihin Songhai da Tumbutu a ɗakin karatun garin nan baƙo ya tarar da shi.

In za ku ratsa makabartar gari

Hubbare yana da gini da masu tsaro. Makabartar talakawa ba ta da ko ɗaya, kuma ta fi buƙatar taka-tsantsan. Kaburburanmu ba su da suna, tudun ƙasa ne mai tsayin kamar taƙi guda, wani da guntun itace ko fasasshiyar tukunya a kai. In shekaru suka wuce tudun yakan baje, har abin da ido ke gani fili ne ya kasance kabari. Saboda haka a bi sawun masu haƙa, a layi ɗaya, ba mai yanke hanya. Ka nuna wa ɗalibai yadda kaburburan suka jeru, kai a kudu, ƙafa a arewa, mamaci kwance a kan damansa yana fuskantar alƙibla. Da sun gane wannan jerin, idonsu zai fara gano tsofaffin kaburbura da kansa.

Ka nemi ɗaya daga masu haƙa kabari ya yi musu magana ta minti biyar a bakin shinge, yadda ake fitar da uwar kabari da 'yarta, yadda ake jera itace a toshe da ɗanyen laka kafin a mayar da ƙasa. Ka kira shi Baba, ka tsaya a bayansa yana magana. Mutanen nan suna yi wa gari aikin da kowa zai buƙata, kuma ba kasafai ake tuna su ba sai ranar. In ƙungiyarku na son yin wani abu mai amfani, ku tambaye su abin da suka rasa: diga, shebur, itacen rufi, ko hannun da zai taya su nome ciyawa bayan damina.

In kuna ciki aka shigo da gawa, ziyara ta tsaya nan take. A koma gefe, waya ta shiga aljihu, manya maza su bi sahu su taya binnewa, sauran su fita a hankali.

Argungu: ɗaya ɓangaren labarin

Wanda ya kai ɗalibai Gwandu bai kai su Argungu ba, rabin tarihin Kabi ya ba su. Amma kada ka haɗa su rana guda, kowanne ya ci ranarsa.

A Argungu wurin zuwa shi ne gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da ake dangantawa da Yakubu Nabame. Sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, kuma a cikinta ake binne sarakunan Kabi. Wato gida ɗaya ne ya haɗa kayan kallo da makwanci, kuma haɗarin ke nan: yaran da suka fito daga ɗakin masu da takubba da kwari da baka da tambura suna cikin zumuɗi, sai su faɗa wurin kaburbura da hayaniyarsu. Ka tsayar da su tsakani, ka maimaita abin da ka yi a ƙofar hubbare, a sauke murya, a biya sallama, sannan a shiga. Akwai ma'aikatan gidan, su za su ja gaba.

Wahalar Argungu a harshe take. Kusan duk ƙarni na 19 Gwandu da Kabawa suna yaƙi da juna. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato ya zauna shekaru, sannan a 1849 ya tashi ya maido da sarautar gidansu. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen yaƙi da Kabawa. An samu sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, daga 1867 zuwa 1875, yaƙi ya sake komowa, ya yi tsanani a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila wanda ya hau a 1883. Wanda ake kira gwarzo a wannan gari, a wancan garin shi ne wanda ya kashe kakan wani. Kuma a cikin ɗalibanka akwai jikokin ɓangarorin biyu, suna zaune kujera ɗaya suna cin gyaɗa tare.

To ka auna kalmominka. Ka kira kowane sarki da sarautarsa, ka ce Allah ya jiƙansa. Ka faɗi abin da ya faru, wa ya ci, wa aka ci, a wace shekara, ka bar kalmomin zagi da na kafirtawa ko da ka gan su a tsohon rubutu. In ɗalibi ya tambaye ka wa ke da gaskiya, ka gaya masa abin da kowane ɓangare ya riƙa a matsayin hujjarsa, ka tura shi ga littattafai da malamai. Sannan ka kai labarin inda ya sauka: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa, kuma daga wannan ziyarar ake ƙirga bikin kamun kifin da duniya ta san garin da shi. In ƙafafu ba su gaji ba, ku ƙarasa bakin kogin Matan Fada, inda ake bikin, ka ba da wannan gaɓar a can, suna kallon ruwan.

Kuɗi, da abin da ya rage bayan an dawo

In kana karɓar lada a kan jagora, babu laifi, aiki ne da ka ɓata lokaci ka koya. Sai dai ka faɗi adadin tun kafin a tashi, ka rarrabe kuɗin mota da na abinci da naka, kada wani ya zaci ana sayar masa da shiga hubbare ne. Abin da gidan tarihi ke karɓa kuma ka tambaya tun zuwanka na farko, ka sa shi cikin lissafi.

Kafin mota ta tashi ka koma kai da ɗalibi ɗaya ko biyu ku yi wa masu kula da wurin godiya da bankwana. A tsince duk ledar ruwan da aka yar. Ka kira suna ɗaya-ɗaya daga takardarka, kada ka wadatu da "kowa ya shigo?"

A daren, tun abin yana sabo, ka buɗe littafin da ka keɓe wa wannan aiki. Ka rubuta abin da dattawan wurin suka faɗa, da ranar da suka faɗe shi, ka sa masa alama cewa ruwayar baka ce, daban da abin da ka ɗauko a littafi, domin in shekara ta zagayo kada su cakuɗe maka. Ka rubuta inda ayari ya yi jinkiri, da inuwar da ta gudu kafin ku iso, da tambayoyin da ka ce za ka bincika. Mako mai zuwa, in ka shiga aji, da amsoshin nan za ka fara kafin darasi, kana kiran sunan wanda ya yi kowace tambaya.